Bindigar Kaka: A Gyara Ta Ko A Bar Ta Da Tsatsarta?

Bayan daminar bara, bangon tsohon ɗakin Kakanmu da ke ƙauye ya tsage daga sama har ƙasa, aka ce a kwashe kayan ciki kafin ya rufta wa wani. Muna cikin kwashewa ne ƙanena ya jawo wani dogon abu daga bayan tulin tabarmi, naɗe cikin buhun algarara da gara ta cinye rabinsa. Da aka warware sai ga bindigar Kaka.

Harba-ruga ce, tsawonta ya kusa kai mini kafaɗa. Ƙarfenta ya yi baƙi, wasu wuraren kuma jar tsatsa ta kama har tana zuba a hannu. Ƙotarta ta tsage, an naɗe tsagar da fata, fatar ta bushe ta zama kamar ƙashi. Kusa da kunamarta akwai wata 'yar laya a ɗaure. A gefen ƙotar kuwa, inda tafin hannu ke kamawa, icen ya yi santsi ya yi duhu fiye da ko'ina.

Goggo, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka mata, ta ɗora hannunta a kan wurin nan mai duhu, ta ce, "Allah ya jiƙan maza." Ba ta ƙara cewa komai ba sai bayan la'asar.

Kafin magariba gida ya rabu uku. Ƙanena ya ce a kai ta maƙera a gyara ta ta koma harbi, tunda ga halin da ake ciki, dare ba ya yi wa kowa daɗi a ƙauyukanmu. Baffa ya ce a kai ta Kano a goge ƙarfen ya yi ƙyalli, a sassaƙa mata sabuwar ƙota, a shafa mata mai, a rataye ta a falo duk baƙon da ya shigo ya san gidan maharba ya zo. Goggo ta ce, "Ku mayar da ita inda kuka ɗauko ta. Yadda ya bar ta, haka za ku bar ta."

Sai aka juyo gare ni, wai ni ne ɗan boko. Na ce a ba ni lokaci. Abin da na yi ta juyawa a raina cikin makonnin da suka biyo baya shi ne nake so in baje wa mai karatu, domin na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Wani takobi ne a gidansu, wani allon kakansa, wata kuma tasoshin kakarta ko tsohon keken ɗinki.

Bari in fara da ita kanta bindigar. Turawa suna kiran irinta da sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar na cikin waɗanda suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun Ghana ta yau, inda suke da babban gida mai ganuwa a Osu, cikin Accra, har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila da wurarensu. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa ga irin wannan tsohuwar da ake ɗurawa ta baki. Wannan na cikin dalilan da suka sa ita ce ta zauna a hannun maharbanmu, har maƙeran gida suka koyi ƙera ta. Ana zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba harsashi, a danna da sanda. Harbi ɗaya take yi. In ka samu, ka gode Allah. In ka kuskure, sunanta ya gaya maka abin da ya rage.

To, da na zauna da Goggo ina tambayarta, sai na gano abin da ya rikita mini lissafi. Ƙotar da muke gani ba ita ce ta asali ba. Kaka ya gaji bindigar daga mahaifinsa, ƙotar farko ta karye tun yana saurayi, shi ya sa aka sassaƙa wannan. Da can da ƙanƙara take kama wuta, irin ta ƙyastu, daga baya maƙeri ya sauya mata. Fatar da ke naɗe a tsagar ma Kaka ne ya naɗa ta tana ɗanya, ta bushe ta matse icen. Sandar ɗurin kuwa Goggo ta ce ba ta san sau nawa aka sake ta ba.

Ke nan idan Baffa ya ce a mayar da ita yadda take, wace "yadda take" yake nufi? Ta ranar da ta fito daga hannun wanda ya ƙera ta, wadda babu wani mai rai da ya taɓa gani? Ta zamanin mahaifin Kaka? Ko ta ranar da Kaka ya jingine ta bai sake ɗauka ba?

Wannan tambaya ta girmi bindiga. Wani marubucin Girka na zamanin da, Plutarch, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Athens suka adana shekaru aru-aru. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masu tunani suka shiga gardama: wannan jirgin shi ne na Theseus, ko kuwa wani ne ya ari sunansa? Ni dai abin da na ɗauka daga labarin shi ne, tsohon abu ba ƙarfe da ice kawai ba ne. Abin da ya sa bindigar nan ta zama ta Kaka, ba ta kasuwa ba, shi ne abubuwan da suka same ta a hannunsa. Tsagar, da fatar, da duhun nan na tafin hannu. In ka cire su ka sa sababbi, za ka samu bindiga mai kyau, amma kowa da kuɗinsa zai iya samun irinta.

A Turai ma an yi wannan ja-in-ja a kan tsofaffin gine-gine. A Ingila, John Ruskin ya rubuta a 1849 cewa mayar da tsohon gini sabo rushe shi ne ta hanya mafi muni, domin ana rushewa ne kuma a yi ƙaryar cewa ba a rushe ba. Shawararsa ita ce a kula da gini, a tokare shi in ya karkata, amma kada a sake masa fuska. A Faransa kuwa Viollet-le-Duc ya tafi a kan cewa mai gyara yana da ikon cika gini ya kai kamala, ko da bai taɓa kasancewa haka ba a wani zamani. Shi ne ya ɗora wa majami'ar Notre-Dame ta Paris sabuwar hasumiya a tsakiyar ƙarni na 19. Ga abin mamaki: da gobara ta cinye hasumiyar a watan Afrilun 2019, Faransawa sun yi kukanta kamar tun farko da ita aka gina majami'ar, kuma irinta sak suka sake ginawa kafin a buɗe wurin a Disambar 2024. Ƙarin jiya ya zama gadon yau.

Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun Baffa, ko da bai san da ita ba. Zai iya cewa: Kaka ya sauya ƙota, mun kira shi tarihi, don me in na sauya za a kira shi ɓarna? Bayan shekara 100 jikokinmu ba za su ce ga ƙotar da Baffa ya sa ba?

Akwai ma hujjar da ta fi wannan kusa da gida. Mu mutanen ginin ƙasa ne. Gidan da aka daina yi wa yaɓe, damina uku ta ishe shi. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi, kuma babu mai cewa sun ɓata tarihi. A wajenmu abu yana rayuwa ne da sabuntawa. Na tabbata da Kaka zai leƙo ya ga jikokinsa sun zauna suna shawarar adana tsatsa, da dariya zai yi. Maharbi ba ya barin tsatsa a bindigarsa.

Na daɗe a kan wannan kafin in ga inda bambancin yake. Masallacin Jenne ana salla a cikinsa, magina suna nan, 'ya'yansu suna koyo. Abin da ake adanawa a can ba laka ba ce, sana'a ce da ibada da haɗuwar jama'a. Lakar tana zuwa tana tafiya. Haka bindigar take a zamanin Kaka. Kayan aiki ce, gyaranta wani ɓangare ne na farauta, kuma duk abin da ya sauya a jikinta buƙata ce ta sa. Amma yau babu maharbi a gidanmu. Babu wanda ya san sawun gwanki daga na barewa. Dajin da Kaka ke shiga ya zama gonaki, abin da ya saura kuma, irin su Falgore, gandun gwamnati ne da aka hana farauta a ciki. Ranar da sana'ar ta ƙare a gidan, bindigar ta tashi daga kayan aiki ta koma shaida. Kayan aiki ana gyara shi don ya ƙara aiki. Shaida kuwa ba a gyara masa magana, ko da maganar ba ta yi maka daɗi ba.

Gyaran Kaka ƙari ne a kan labari. Gyaran da Baffa ke so gogewa ne, a kankare abin da ya faru a rubuta abin da muke so a ce ya faru. Kuma mu faɗi gaskiya, bindiga mai ƙyalli a falo ba Kaka take yi wa hidima ba, mu take yi wa. Kaka talaka ne mai naɗe tsaga da fata saboda ba shi da kuɗin sabuwar ƙota a shekarar. Idan muka cire fatar, talaucinsa muka ɓoye, da dabararsa tare. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ban ce niyyar Baffa mummuna ba ce. So yake a girmama mahaifinsa, kuma a al'adarmu ba a fito da babba cikin tsumma. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanke wa dattijo riga da rina masa furfura.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara tsayar da ni, wato abin da ba ya komawa baya. In muka bar ta da alamominta, jikanmu yana da zaɓi: ya ga dama ya goge, ya ga dama ya bari. In muka goge, mun yanke hukunci a madadin duk wanda zai zo bayanmu, ba mu kuwa tambaye su ba. A shari'a bindigar ta magada ce, suna iya sayar da ita gobe in sun so. Amma abin da mutum ke da iko a kai daban, abin da ya kamace shi daban. Masana adana kayan tarihi da suka taru a Venice a 1964 sun tsaya a kan ƙa'idar da ta yi kama da wannan: gyara ya tsaya daidai inda zato ya fara, kuma duk sabon abin da aka ƙara ya zama ana iya gane shi, kada ya yi shigar tsoho.

Tarihin Musulunci ma yana da darasi a nan, ba don a kwatanta daraja ba, sai don a ɗauki hikima. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, guzurinsu bai kai ba, suka bar wani sashe a waje. Manzon Allah (SAW) ya shaida wa Nana A'isha (RA) cewa ba don mutanenta sababbin shiga Musulunci ba ne, da ya mayar da ginin kan harsashin Annabi Ibrahim (AS). Daga baya Abdullahi ɗan Zubair ya gina ta haka, Hajjaju ya zo ya mayar da ita yadda Ƙuraishawa suka bar ta. Da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake sauyawa, Imam Malik ya ba shi shawarar ya bari, kada ɗakin ya zama abin wasan sarakuna, wannan ya rushe wancan ya gina. Wato ko gyaran da yake daidai ne, akan bar shi saboda abin da zai jawo a zukatan mutane da ƙofar da zai buɗe.

Saura maganar ƙanena, kuma ita ce ta fi nauyi, domin ba ado yake nema ba. Yana da mata da 'ya'ya uku a ƙauyen, ni kuwa a birni nake kwana. Ya ce mini, "Yaya, kai tarihi kake gani, ni ƙofar gidana nake gani." Ban sami amsa nan take ba, kuma har yau ba na ganin tsoronsa abin rainawa ne.

Amma ga abin da ke akwai. Ragowar albarushi tana jan danshi, tana cin bututun bindiga ta ciki inda ido ba ya gani. Bututun da ya shekara talatin a ɗakin ƙasa yana iya fashewa a harbin farko, kuma wanda ya taso a ƙauye ya san maharbi ko ɗaya da ya rasa yatsu ta wannan hanya. Ko ta tashi lafiya, harbi ɗaya ne a gaban masu zuwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Abin da za ta ƙara wa gidan shi ne dalilin da za a buɗe masa wuta. Ga kuma doka: dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta ɗora sharuɗɗan izini a kan mallakar bindiga da kuma gyaranta. Bayan duk wannan akwai abin da Goggo ta faɗa, cewa tsawon rayuwarsa Kaka bai taɓa nuna mutum da bakin bindigar nan ba, ko da wasa, kuma ya taɓa marin ɗansa saboda ya yi hakan da ita ba ɗuri. Matsalar tsaro gaskiya ce, amma maganinta ba ya cikin buhun algarara.

To ashe Goggo ce mai gaskiya, a mayar da ita bayan tabarmi? Haka na zata, sai da muka kira wani tsohon maƙeri ya duba ta. Bai taɓa kunamar ba. Ya juya bakinta ga bango, ya zura sanda a ciki ya yi alama, ya zaro ya gwada a waje. Sandar ba ta kai ƙarshen bututun ba, saura kamar faɗin yatsa uku. Ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, a ɗure take."

Shekara talatin da wani abu tana jingine da ɗurinta a ɗakin da yara ke shiga wasan ɓuya. Albarushi kuwa in bai jiƙe ba, ba ya tsufa. Maƙerin ya jiƙa ɗurin, ya bar shi ya kwana, washegari ya zaro shi a hankali. Harsashi ya fito, da baƙar laka, da wani ɗan ƙyallen saƙi. Goggo ta karɓi ƙyallen ta daɗe tana dubawa, ta ce daga tsohuwar rigarsa ne.

A ranar na gane cewa bari ma hukunci ne, kuma yana da nasa laifin. Ba duk abin da ke jikin tsohon abu ne tarihi ba. Duhun tafin hannu alamar Kaka ce. Jar tsatsar da ke zuba, da cin gara, alamarmu ce mu da muka manta da ita. Baƙin da ƙarfe ya yi ya zauna, ba ya ci gaba, yana ma kare abin da ke ƙarƙashinsa. Jar tsatsa kuwa tana ci kullum. Wanda ya ce kada a taɓa komai, ya bar sakacinsa yana cinye abin da yake cewa yana girmamawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga abin da muka yi a ƙarshe. An cire ɗurin. An share jar tsatsar da tsumma da ɗan mai, ba a gurza da yashi ba, ba a taɓa baƙin ba. An yi wa icen maganin gara. Ba a sauya ƙota ba, ba a kwance fatar ba. Mun je wurin Dagaci ya haɗa mu da hukuma don a san da zamanta, kuma mun yi alkawari a tsakaninmu ba za a sake ɗura ta ba. Tana cikin akwatin katako a busasshen ɗaki, ƙyallen saƙin na gefenta cikin ambulan. Na kuma zaunar da Goggo kwana biyu ina ɗaukar muryarta a waya: wa ya sassaƙa ƙotar, a wace shekarar yunwa naman bindigar ya riƙe gidan, wace dabba ce Kaka ba ya harbi. Ta kuma faɗi abin da ba mu so ji ba, cewa shi da kansa ya ce su ne suka ƙarar da gwanki a dajin, kuma a ƙarshen rayuwarsa abin yana damunsa. Wannan ma na bar shi a cikin faifan.

Ba kowa ya gamsu ba. Baffa har yanzu yana ganin mun bar mahaifinsa cikin tsumma. Ƙanena ya shiga cikin masu sintirin unguwa da tocila da usur, kuma in muka yi waya ba ma tayar da maganar. Layar ma ba mu daidaita a kanta ba: wani ɗan'uwanmu malami ya ce a cire ta, domin kada yara su taso suna jin ita ke tsare mutum, ni na ce ajiye abu don a san an yi shi daban, dogara da shi daban. Yana da hujja, ina da tawa, layar tana nan a ɗaure kafin mu ga abin da manya za su yanke.

Idan akwai irin wannan kaya a gidanku, kafin ka kai wa mai gyara, nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidan ka tambaye shi labarin kowace tsaga. Sannan ka tambayi kanka: wannan alamar ta mai kayan ce ko ta sakacinmu? Abin da zan yi, ana iya warware shi gobe? Kuma don wa nake yi, don shi ko don idon baƙi? In kuwa bindiga ce, ɗauke ta a matsayin ɗurarriya har sai wanda ya sani ya tabbatar maka ba haka ba.

Da sallar layya da ta wuce, ɗan ƙanena mai shekara tara ya roƙi a buɗe masa akwatin. Ya ɗora hannunsa a kan duhun nan na ƙota, hannun bai rufe ko rabinsa ba. Ya ɗago ya ce, "Goggo, hannunsa babba ne haka?" Ta ce, "Zauna in gaya maka."